Ba Tuwo, Ba Fura

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Na je Kurfi duba Yaya Kyauta. Da na sani ban je ba.

A'a, ba haka nake nufi ba. Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, a bayanta na yi wayo, duk duniya ba ni da kamarta. Amma ƙafar nan. A waya ta ce mani ɗan miki ne a babban yatsa, tuntuɓe ta yi da turmi. Da ta kwance tsumman sai da na kau da kai. Gefen ya yi baƙi, yana tsatsar ruwa, ita kuma tana kallonsa kamar ƙafar wata ce aka ba ta ajiya. Ta ce ko zafi ba ta ji. Wai abin godiya ke nan.

Shekarunta nawa da ciwon suga, ƙwaya safe da yamma, amma ina zaune ta dama fura cike da kwanon sha, ta zuba suga da hannunta. Na ce, "Haba Yaya!" Ta ce, "To mi? Ai na sha magani, Auta." Daga nan ta tuƙa mani tuwon dawa, miyar kuka, man shanu na yawo a sama, irin wanda ta san ba na iya ƙi. Malmala biyu na tashi da su, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina.

A tasha direba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya koma gaba, baya ba za ta ɗauke ki da mutum uku ba." Aka yi dariya. Har da ni.

Wanda ya gan ni ya ga Yaya. Jiki ɗaya, tafiya ɗaya, haki ɗaya in an hau tudu. Har muka shigo Dutsin-Ma ƙafata nake kallo cikin silifa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Asibiti. Kilo ɗari da huɗu. Ma'aikaciyar ta faɗa da ƙarfi, duk masu jira a benci sun ji.

Likita ya ce ban shiga ciwon suga ba tukuna, amma ina tsaye a bakin ƙofarsa. In rage jiki. Haka kawai, in rage jiki, kamar riga ce zan kai wa tela.

Na gaya wa Baban Alu da ya dawo daga rumfa. Ya yi dariya yana wanke hannu, ya ce likitoci ba su son ganin mutum cikin rufin asiri. Wai kowa ya gan ni ya san matar mai sayar da hatsi ce. To. Ashe ni ce allon tallarsa.

Litinin, 28 ga Afrilu

An koma makaranta. Da ƙyar na gane Madam Priscilla, malamar lissafi, wadda muke teburi ɗaya a ɗakin malamai. Wuya ya fito, kumatu sun tafi. Na ce ciwo kika yi? Ta ce keto take yi tun kafin a tafi hutu.

Ga yadda na fahimta. Duk abin da ke da sitaci ko zaƙi a bar shi: tuwo, shinkafa, burodi, taliya, doya, dankali, fura, kunu. A ci nama da kifi da ƙwai da ganye, a zuba mai ba tsoro. Wai in jiki ya nemi sitaci ya rasa, sai ya juya ya riƙa cin kitsen da ya tara. Na ce, "Madam, kin lissafa duk abincin Bahaushe kin ce a bari, me ya saura?" Ta ce, "Zogale ya saura, Malama Sakina."

Ta sa ni a guruf ɗinsu na waya. Mata birjik, Katsina, Kano, Kaduna, kowa na ɗora hoton kwanonta. Ta ce in gaya wa likitana kafin in fara. Na ce to.

Ba zan koma ya sake kallona ta saman tabarau ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na fara. Ƙwai uku, shayi ba suga. Shayi ba suga ruwan zafi ne mai mugun hali.

Asabar, 3 ga Mayu

Kaina kamar ana daka a ciki. Jiri in na miƙe. A guruf sun ce haka ake yi, jiki ne ke bore, in sha ruwa da ɗan gishiri in daure.

Abin da ba su faɗa ba, ni ce zan ci gaba da tuƙa wa gidan tuwo. Ni zan riƙe muciya tururi na dukan fuskata, in kwashe, in mulmula, in kai masu, sannan in koma gefe da dafaffen kabeji kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ga lokacin mangwaro. Ko'ina mangwaro, har bakin ƙofar makaranta, ƙanshi na bin mutum cikin aji. Shi ma an hana.

Laraba, 7 ga Mayu

Na yi wa aji guda tsawa saboda wata ta buɗe biskit a baya. Ƙanshin na ji kafin ƙarar ledar.

Lahadi, 11 ga Mayu

Tuwon kabeji. Na niƙa, na tace, na tuƙa da wani gari da Priscilla ta ba ni don ya kama jikinsa. Kore-kore, yana rawa a faranti. Baban Alu ya leƙo ya ce, "Wannan fa?" Na ce tuwo. Ya ce, "Don Allah kada ki bari a ji a kasuwa."

Na cinye shi tas a gabansa don kada ya ji daɗi. Ban taɓa cin abu mai baƙin ciki irinsa ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Kilo huɗu sun tafi. Na hau sikelin Priscilla, na sauka, na sake hawa ko ƙarya yake. Ba wanda ya lura. Shekara da shekaru kowa na da abin faɗa a kan jikina, yau da nake son a yi magana duk sun makance.

Bayan gida ya zama yaƙi. Wannan kam ba mai ɗora labarinsa a guruf.

Asabar, 24 ga Mayu

Da safe ina miƙa wa Baban Alu hula sai ya ja da baya. "Ki yi haƙuri Maman Alu, bakinki na wani irin wari kwanan nan, kamar lemon da ya kwana biyu." A guruf sun ce alamar nasara ce, jiki ya fara cin kitse. Suka yi ta turo mani tafi. Nasara mai wari.

Na wuni ina tauna kanumfari, ina magana da gefen mayafi a baki.

Da la'asar ya aiko da tarwaɗa manya daga dam ɗin Zobe.

Laraba, 28 ga Mayu

Yaya ta kira. Ƙafa? Da sauƙi. Wurin Yaya komai da sauƙi ne, ranar da mijinta ya rasu ma haka ta ce. Ina jin ƙarar ludayi cikin kwano ta wayar. Na ce me kike sha? Ta ce ruwa.

Asabar, 31 ga Mayu

Suna a unguwa. An lura yanzu, alhamdu lillahi, an lura ƙwarai.

"Sakinatu lafiya? Kin zabge." Wata ta ce in je a gwada jinina, ta faɗa da irin muryar da kowa ya san me take nufi. Wata ta ja ni bayan ɗaki ta ce in ba na samun kwanciyar hankali a gidan in faɗa, kada in kashe kaina da zurfin ciki. Aka kawo waina da kunun zaƙi na ce na gode. Kakar jaririn ta ɗauke kwanon kamar na zage ta.

Na dawo na tarar da Baban Alu a cike. An tare shi a kasuwa ana tambaya ko rumfa ta fara ja baya ne, an ga iyali sun rame. Ya ce in dubi mutuncinsa. Na ce, "Da ina da ƙiba buhu kuke ce mani, yanzu na rage kun ce ciwo. Ku faɗa mani kilo nawa kuke so in tsaya a kai, in huta."

Ya ce tun da na bar tuwo na bar fara'a. Wataƙila a cikin tuwon take.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. Rana ɗaya a shekara da duk garin ke keto bai sani ba. Hanta, ƙoda, soye. Na ci na ƙoshi a tsakiyar mutane, ba wanda ya tambaye ni komai.

Atamfar da na ɗinka da ƙaramar Sallah sai da na kama ta da fil.

Lahadi, 8 ga Yuni

Kai wa Yaya nama. Mun yi sammako ni da Baban Alu don a dawo da rana, hanyar nan ba a yarda da ita in yamma ta yi.

Ta daɗe tana kallona. "Auta, wa ya cinye mani ke?" Na yi mata bayani tana gyaɗa kai, tana hura wuta, ashe tuwo take ɗorawa. Na ce Yaya ba na ci. Ta ce na Sallah ne. Na ce ko na mene ne. Ta tuƙa duk da haka, tana ɗingishi tsakanin murhu da ɗaki, ta ajiye a gabana ta buɗe. Na tura kwanon gefe.

Ban taɓa tura kwanon Yaya ba tun da aka haife ni.

Ta ce, "Abincin namu ne ya zama ƙazanta?" Sai kawai abin ya ɓalle mani. Mikin ya ci rabin yatsan yanzu, warinsa na fitowa ta cikin tsumma, ga ƙullin fura a faifai. Na ce tuwon nan da furar nan su ke cin ƙafarki. Na ce ni da ba ni da ciwon na iya bari, ke da ƙafarki ke ruɓewa kin kasa. Na ce kwaɗayi ne, ba ƙaddara ba. Na ce in kika ci gaba haka yanke ƙafar nan za a yi, kuma wallahi ba zan zo in gani ba, kada ma a kira ni.

Ta rufe tuwon da faifai, a hankali. Can ta ce, "To mi ake ci?"

Na faɗa mata duka. Ƙwai, zogale, rama, kifi, awara, kuɓewa. Ba tuwo, ba fura, ba koko, ba ko loma ɗaya. Tana maimaitawa kamar mai hadda.

A mota zuciyata fes. Gaskiya na faɗa. Wani ya kamata ya faɗa tun tuni, 'ya'yanta maza suna can Abuja da Legas, gaisuwar waya kawai suka iya.

Talata, 10 ga Yuni

Na ba Priscilla labari ina jiran yabo. Sai ta ajiye biro. "Tana shan maganin suga?" Na ce safe da yamma. Ta ce, "Kai, Malama, kada ta fara sai likitanta ya sani. Ke ba ki shan komai, ita daban ce." Na ce wane likita, wanda ya shekara yana ba ta ƙwaya ƙafa na lalacewa? Ta ce ita dai ta faɗa.

Kowa ya rage kilo goma sai ya zama farfesa.

Asabar, 14 ga Yuni

Yaya ta kira da kanta, murya kamar yarinyar da ta ci jarrabawa. Tun ranar da na tafi ba ta sa tuwo a baki ba. Ta kyautar da furar, ta ba maƙwabciyarta Hajiya Nana Fatima sauran garin dawa. Na ce ƙwayoyin fa? Ta ce tana sha ba fashi. Na ce madalla, abu biyu ke nan suke aiki tare.

Wata ɗaya, na ce mata, za ki ga yadda mikin zai kame.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yaya ta ce in hantsi ya yi sai gumi ya karyo mata, hannu na rawa, ido na ganin duhu-duhu. "Ko in ɗan sha koko, Auta? Rabin kofi." Na ce a'a. Ni ma haka na yi a farko, jiki ne ke bore, ki sha ruwa da gishiri ki daure. Ta ce to.

Kullum mutanenmu sai neman hanyar komawa baya.

Talata, 24 ga Yuni

Kurfi. Asibiti. Ba zan iya ba yau.

Alhamis, 26 ga Yuni

Muna Katsina, an turo mu babban asibiti. Yaya na barci. Bari in rubuta ko zai bar ƙirjina.

Talata da hantsi Hajiya Nana Fatima ta ji ƙauri ta katanga. Ta yi sallama shiru. Ta shiga ta tarar da Yaya kwance a gefen murhu, tukunyar zogale ta kife, hannunta na dama cikin garwashi. Ba ta san inda take ba, har ba ta janye hannun ba. Hajiya ta ja ta, ta ga jiki sharkaf da gumi, ta tuna mijinta mai irin ciwon, ta ruga ta ɗebo suga ta shafa mata a dasashi. Shi ya riƙe ta har aka samo mota.

Suga. Abin da na ce shi ke kashe ta.

Jiya likitan ya tsaya a kanta da kwalin ƙwayoyinta a hannu. Ya ce wannan maganin aikinsa saukar da suga, kin ci abinci ko ba ki ci ba sai ya saukar. Mai shan sa ya yanke tuwo rana ɗaya, kamar ya tura kansa rijiya ne. Da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Ya ce, "Baba, wa ya ce ki daina cin abinci?"

Ina tsaye a ƙafar gadon, riƙe da filas.

Ta ce, "Ba kowa, likita. Bakina ne ba ɗanɗano kwanan nan."

Ko kallona ba ta yi ba. Ya ce a kula, ya wuce gado na gaba. Ni kuma na tsaya da filas ɗina.

Asabar, 28 ga Yuni

Na fita daga guruf. Kafin in fita na rubuta masu abin da ya faru, wata ta amsa da cewa ai an sha faɗa, masu magani su tuntuɓi likita, yana nan a saƙon da aka maƙala a sama. Wa ke karanta saƙon sama? Sai hoton kwano, sai tafi.

Shi ma likitanta na da, duk shekarun nan bai taɓa zaunar da ita ya ce ga yadda ƙwayar ke aiki ba? Su 'ya'yan nata da suka cika waya da faɗa yanzu, ina suke?

Kowa na da nasa kason.

Laraba, 2 ga Yuli

An cire yatsan. Sun ce ko da ba ta faɗi ba sai an cire, ya riga ya mutu tun tuni. Na sa likitan ya maimaita mani. Ya maimaita.

Hannun fa, na ce. Ya ce ƙunar mai suga ba ta saurin warkewa, kuma yatsu biyu ba lalle su sake lanƙwasa ba. Wannan bai ce ko da ba ta faɗi ba.

Da aka fito da ita tana cikin magagi ta ce, "Auta ta zo?" Ina riƙe da gadon.

Litinin, 7 ga Yuli

Na koma aiki, matar babban ɗan Yaya ta karɓe ni a jinya. Priscilla ta zo har gida jiya bayan coci, da kwanon farfesu. Na shirya mata amsa tun daga Katsina, in ta ce ai na gaya maki. Ba ta ce ba. Ta zauna, ta tambayi hannun, ta ce suna sa Yaya a addu'a. Da ta faɗa ɗin da ya fi mani sauƙi.

Baban Alu ya sani. Ban gaya mashi ba, amma yana zaure ranar da muka kai wa Yaya naman Sallah, kuma muryata ba ƙarama ba ce. Shi ya kai mu Katsina, shi ya yi ta zirga-zirga, rumfa a rufe ranar kasuwa. Har yau bai ɗaga maganar ba. Gidan nan kowa ya koyi yin shiru a kaina.

Asabar, 12 ga Yuli

Na koma wurin likitana, dole, Priscilla ta tsaya a kaina. Kilo tasa'in da uku. Suga ya sauka daidai, na bar bakin ƙofar. Ya cire tabarau ya ce me kika yi? Na faɗa. Ya ce ya yi kyau, amma a riƙa zuwa ana dubawa, kuma ba sai na tsananta haka ba, ɗan wake, ɗan tuwo kaɗan ba zai mayar da ni baya ba.

Ya yi aiki ke nan. A kaina ya yi aiki. Na fito na zauna a benci na rasa wanda zan gaya wa.

Asabar, 19 ga Yuli

An sallamo Yaya, tana Kurfi. An canza mata magani, an ce ta ci sau uku ba fashi: tuwo kamar dunƙulen hannunta, miya da ganye da yawa, fura ba suga, ita ma kaɗan. Matar ɗan ta koma Abuja. Ni na tuƙa. Ni na ba ta a baki, hannun na naɗe, na hagun kuma ta ce ba za ta fara ci da shi da tsufanta ba.

Tana tauna na ce, "Yaya, me ya sa ba ki gaya wa likitan ba?" Ta ce mi? Na ce kin sani. Ta haɗiye, ta buɗe baki, na sa mata wata lomar.

Na ce, "Kin ji jiri, kin ji rawar hannu, koko na nan gidan Hajiya, taku kaɗan. Me ya hana ki sha? Ni ina Dutsin-Ma, ina zan sani?" Muryata ta fara hawa, ni da na zo ba da haƙuri.

Ta ce, "Kin rantse, Auta."

Na ce rantsuwar me?

"Kin ce in an yanke ba ki zuwa. Ni na san za a yanke, tun azumi na sani, ina ganin abina. Na ce bari in yi abin da kika ce, ko kya zo."

Ta faɗa kamar tana ba da labarin ruwan sama. Sannan ta ce miyar ta yi gishiri.

Na fita bayan ɗaki na daɗe. Ban ba da haƙurin ba. Ban san ta ina ake fara shi ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

An yi hutu. A ɗakin malamai wata sabuwar malama ta biyo ni, wai in taimaka mata da sirrin, mahaifiyarta ma na so. Na ce ba ni da sirri. Ta ga kamar rowa ce. Ta je ta gani.

Sai da ta kai ƙofa na kira ta na ce mahaifiyar taki na shan wani magani? Ta ce e. Na ce to ku fara da asibiti. Ban ƙara ko kalma ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

Kurfi, tun Litinin. Ruwa ake yi kusan kullum, dawar bayan gida ta fi ni tsawo.

Na iya wanke mikin yanzu ba tare da na kau da kai ba. Na ƙafar ya fara kamewa. Hannun ne dai. Jiya Yaya ta gwada ɗaukar muciya ta suɓuce mata, ta ce da ma ta gaji da tuƙi, shekara arba'in ai an yi.

Ba ta iya cin abinci in ana kallonta, sai an sa hannu tare. Don haka nake ɗan gutsura. Kaɗan. Likita ma ya ce ba laifi. Ba wai na koma ba ne.

Yau bayan azahar ta ce kanta na ƙaiƙayi, rabonta da kitso tun kafin Sallah. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, na tsefe mata. Furfura ta cinye kan gaba ɗaya, ban san yaushe ba. Ta ɗora kai a cinyata, tana ta juyi, tana gyara kwanciya.

"Auta, cinyar nan taki duk ta zama ƙashi. Ba daɗin kwanciya."

Na ce to tashi in ɗauko filo. Ta ce bar shi.

Ban kai rabin kai ba ta yi barci, naɗaɗɗen hannun a kan gwiwata. Ƙafata ta mutu, aka kira la'asar ina ji, ban motsa ba sai da ta farka da kanta.

Baban Alu ya kira yana tambayar ranar dawowa. Na ce sai wani satin. Hanya ce ba kyau da ruwan nan, kuma kitson bai ƙare ba.